Mai Askin da Ya Aske Gashin Idonsa

Yayana mai aski ne, ban kuma san shi da wata sana'a ba tun da na yi wayo. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, har yau da furfurata Auta yake kirana. Yana saurayi babanmu ya rasu, sai ya ajiye karatu ya shiga shagon askin wani abokin baban namu. Ya fara da shara da wankin tawul, har maigidan ya ga hannunsa ya nuna ya miƙa masa almakashi. Da askin nan ya ciyar da mu, da shi ya saya mini keken ɗinkina na farko. Shagon ɗinkina ma a jikin nasu yake, bangon katako ne kawai ya raba mu, in wani ya yi atishawa a can ina jin sa a nan.

Shagon nasu ba wani babba ba ne. Kujerun aski uku, dogon madubi da ya tsage a kusurwa, bencin masu jiran layi, sai fanka mai kukan tsiya. Kujerar bakin taga ita ce ta Yaya, a kanta ya yi sama da shekara talatin. Da maigidan ya rasu ɗansa ya gaji shagon, shi ya sa muke ce masa Magaji. A gaban Yaya ya girma, Baba yake ce masa, ni kuma Gwaggo. Ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa, amma matsoraci ne na bugawa a jarida.

Yaya ba ya sauri a aski. Yakan sunkuyo da fuskarsa dab da ta mutum yana bin gefen gemu da reza, numfashinsa ma a hankali. In ya gama sai ya tsoma tawul a ruwan ɗumi, ya matse, ya lulluɓe fuskar mutum, har wasu su yi gyangyaɗi. Dattawan unguwa sun gwammace su yi ta jira a benci da su zauna a wata kujerar. Cikinsu akwai Direba, wani dogon mutum mai jan motar haya, aminin Yaya tun suna samari. Aibin Yaya ɗaya ne, bai iya shafa wa magana mai ba. In ka tambaye shi ko gashinka na nan lafiya, zai ce maka, "Sanƙo ya fara ta tsakiya," ya ci gaba da aikinsa. Na sha ce masa wannan gaskiyar tasa wata rana sai ta kwana da shi da yunwa.

Ciwon ya fara ne kamar wasa. Matarsa ta ce mini da safe sai ya tashi idanu a manne, kwantsa ta bushe a gashin ido, sai ya jiƙa da ruwa kafin ya buɗe. Gefen fatar idon ya yi ja ya ɗan kumbura. Ya ce yana jin kamar yashi a ciki, ga ƙaiƙayi, ga raɗaɗi, in iskar fanka ta bugo shi sai hawaye. Na ce mu je asibiti, ya ce hoda ce da ɓurɓushin gashi, ai ciwon ido sai haƙuri. Ya je kemis aka ba shi maganin ɗigawa. Ya lafa, ya dawo. Aka canza masa wani, ya sake lafawa, ya sake dawowa. Hazbiya kuwa, wannan ɗan ƙurjin fatar ido, ta mai da fuskarsa gida, wannan na bajewa wata na tasowa.

Haka aka yi ta ja har fiye da shekara, mutane suna gani suna cewa sannu. Abin da ya ɓata lamarin shi ne wani lokaci da afolo ta shigo unguwa, jan idon nan da ke bin gida-gida. Wani mutum ya yi aski a wurin Yaya, bayan kwana biyu ya tashi da ita, matarsa ta fito tana gaya wa duk mai kunne cewa a shagon aski ya ɗebo. Rabin unguwa na fama da ita a lokacin, har da waɗanda ba su taɓa taka shagon ba, amma wa zai tsaya tunani? Afolo ta wuce, kowa ya warke, idon Yaya na nan ja. Sai aka ce to, ga uwar cutar nan.

Ta bango nake jin komai. Yaya zai kaɗe kujera ya ce, "Bismillah, wa ke biye?" Sai shiru. Can wani ya ce, "Bari in jira wancan, ba sauri nake ba." Mutanen da a da suke faɗa a kan layinsa. Wallahi sau da yawa nakan tsayar da keke in dafe kai, zuciyata na tafasa. Ya gwada sa baƙin tabarau, sai ya zama ba ya ganin layin gashi da kyau, ga shi tabaran ya ƙara jawo ido kansa. Ya cire.

Wata safiya ya zo da wuri, kafin a buɗe, ni kuma na riga kowa saboda ɗinkin da ya taru mini. Daga baya ya ba ni labarin abin da ya raya a ransa. Ya tsaya gaban madubi ya ƙura wa idon kallo, sai ya ga wasu fararen ɓawo-ɓawo maƙale a gindin gashin idon. Ya ce, af, ashe amosani ne. Shi kuwa ya san amosani, ya yi shekaru yana fama da shi a kawunan mutane. In aka kawo masa kan da amosani ya ci, abin da maigidansa ya koya masa shi ne a aske shi tal-kwabo, a goge da sifirit, fata ta sha iska. Sai ya ɗauko ƙaramin almakashi ya datse gashin idonsa sama da ƙasa, ya bi da bakin reza a hankali har ya share shi tas. Hannunsa bai karkace ba ko kaɗan, wannan kam gwani ne. Sannan ya jiƙa auduga da sifirit ya goga.

Ba ihu ya yi ba, Yaya ba ya ihu. Wani irin nishi na ji, sai ƙarar kwalba ta faɗi. Na shiga a guje na same shi durƙushe a gaban kujera, hannu biyu a fuska. Na jawo bokiti na dinga sheƙa masa ruwa, yana cewa, "A hankali, Auta," ina cewa, "A hankalin me? Kai da ka yi a hankali ga inda ka kai mu." Da ya ɗago sai na ga fuskar. Fatar idon ta kumbura suntum, ta yi jajir, babu gashi ko ɗaya. Ban taɓa sanin gashin ido na rufa wa fuska asiri haka ba.

"Yaya, da girmanka?" na ce. "Garin neman gira za ka rasa ido? Ido kai ne da za ka yi masa tal-kwabo?"

Ya ce, "Amosani ne fa. Na gan shi da idona."

A haka Magaji ya iso ya same mu, ƙasa jiƙe, shago na warin sifirit. Ya kalli Yaya ya kau da kai. Ya yi ta jujjuya makulli a hannu, sannan ya ce, "Baba, ka je gida ka huta. Mutane suna magana, ni kuma ba ni da bakin ba su amsa. In ka warke, kujerarka na nan, ba mai taɓa ta." Yaya ya ce to. Tun ranar da ya fara aiki a shagon nan bai taɓa komawa gida da hantsi ba sai ranar.

Washegari na rufe shagona na tasa shi gaba zuwa asibitin ido. Har a cikin mota yana cewa ai kumburin ya fara sauka. Na ce wanzami dama ba ya son jarfa. Muka yi zaman layi har ƙafata ta yi tsami, sannan aka kira mu. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta sa ya ɗora haɓa a kan wata na'ura mai fitila, ta duba wannan ido, ta duba wancan, ta tambayi inda gashin ya tafi. Ni na ba da amsa, don shi kunya ta hana shi. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce ya auna arziki, sifirit ɗin fata ya ƙona, bai yi wa ƙwayar idon illa ba.

Sannan ta yi mana bayani. Ta ce, "Malam, ka ga abin daidai, maganin ne ka kuskure. Ɓawon da ka gani ɗan'uwan amosani ne, masu amosani ma sun fi samun sa. A gefen fatar ido, bayan gashin, akwai wasu ƙananan ƙofofi da ke fitar da maiƙo don kada hawaye ya bushe da wuri. Naka maiƙon ya yi kauri ya toshe su. Shi ya kawo jan, da ƙaiƙayin, da hazbiyar. Gashin ba shi da laifi, shi ke tare maka ƙura ma."

Na ce, "Likita, ana ɗauka?"

Ta ce, "Ba a ɗauka. Ko matarsa ba za ta ɗauka ba, balle wanda ya zo aski."

Na ji kamar in tashi in rungume ta. Sai Yaya ya yi tambayar da ke cin sa. "Yaushe zan warke?"

Ta ajiye biro ta dube shi. Ta ce, "Gara in gaya maka gaskiya. Wannan ba irin ciwon da ake shan magani ya tafi ba ne. Zama ake yi da shi. In kana kula da shi kullum zai kwanta, har ka manta da shi. In ka sake, ko ƙura ta yi yawa, zai motsa. Amma ba ya makantarwa in ana kula, kuma ba zai hana ka aiki ba."

Ta koya masa abin da zai riƙa yi safe da yamma. Ya wanke hannu, ya tsoma tsaftataccen tawul a ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, ya ɗora a kan idanu a rufe na ɗan lokaci don maiƙon ya narke. Ya murza fatar a hankali da yatsa zuwa wajen gashin. Sannan ya goge gefen da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce. Ta rubuta masa wani man shafawa na ɗan lokaci, da ruwan ɗigawa mai jiƙa ido. Ta ce ya magance amosanin kansa, ya rage kaɗa hoda kusa da fuskarsa, ya daina sosa ido da hannun aiki, kuma kada ya ƙara ɗiga abin da ba a duba shi aka rubuta masa ba. Da ta ambaci tawul da ruwan ɗumi, Yaya ya yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo. Ya ce ya ɗora wa dubban fuskoki, bai taɓa ɗora wa tasa ba.

A hanyar dawowa ni murna nake, shi kuwa yana kallon taga. Na ce, "Ba ka ji ba? Ba a ɗauka." Ya ce, "Na ji. Na kuma ji ɗayar." A lokacin ban gane nauyin maganar ba.

Zaman gida ya ci shi. Matarsa ta ce da asuba yake shiryawa kamar mai fita, sai ya zauna a tsakar gida ya baje kayan aikinsa, ya goge kilifa, injin askin nan, ya sa mata mai, ya wasa almakashi, ya mayar cikin jaka. Ya rame, abinci ma sai an yi da gaske. Da gashin idon ya fara tsirowa guntu-guntu sai ya riƙa sukar sa, ya sha wuya sosai. Amma wankin idon kam ya riƙe shi kamar sana'a, da tawul ɗinsa daban, da kofinsa daban. Sau ɗaya ya ga ido ya washe ya yi sakaci na 'yan kwanaki, sai ga ja ya dawo. Tun daga nan bai ƙara fashi ba.

Ana cikin haka Magaji ya kawo wani ƙanin matarsa, magidanci mai saurin hannu, wai ya riƙe kujerar taga kafin Baba ya dawo. Na ce masa, "Ba ka ce ba mai taɓa ta ba?" Ya ce, "Gwaggo, na ɗan lokaci ne." Ban gaya wa Yaya ba, amma unguwa ba ta da rufi, ya ji.

Bayan wajen wata biyu idon ya yi kyau, gashi ya fito, kumburi ya tafi, sai ɗan ja kaɗan da sai ka matso za ka gani. Ranar da zai koma ya biyo ta shagona da jakarsa, ya sha fararen kaya. Na zaunar da shi na ce, "Yaya, ka saurare ni. Magaji zai tambaye ka ko ka warke. Ka ce ka warke. Shi ke nan, kada ka ƙara komai."

Ya ce, "Ba haka likita ta ce ba."

"Likita za ta ciyar da gidanka? Dubi idonka a madubi. Ina ciwon?"

"Yana nan, kwanciya ya yi. In na ce na warke, ran da ya motsa me zan ce musu? Su ce ga cuta ga ƙarya?"

Na roƙe shi, na yi masa faɗa, har na haɗa shi da darajar iyayenmu. Ya tashi ya ɗauki jakarsa ya ce, "Bari dai in je, Auta." Na bi bayansa na tsaya a bakin ƙofa.

Shagon a cike yake, benci ba masaka tsinke, Direba ma na zaune yana jiran layi. Aka yi ta gaisawa, ana cewa ya jiki, kai ido ya yi kyau. Magaji ya taso da fara'arsa, na kuma ga da gaske yake murna. Ya ɗaga murya don kowa ya ji ya ce, "Baba, an warke ke nan gaba ɗaya?" Ƙofa ce ya buɗe masa, kalma ɗaya kawai ake nema.

Yaya ya ce, "Likita ta ce ba ya warkewa. Ana dai kula da shi, yana kwanciya, wani lokaci ya motsa. Amma ba a ɗauka."

Na ga yadda maganar ta sauka a fuskokinsu. Rabin farko suka ji, rabin ƙarshe ya bi iskar fanka. Wani da ke ƙarshen benci ya ɗan matsa. Fara'ar Magaji ta tsaya a inda take. Ni kuwa na kasa riƙe bakina, na faɗa ciki na ce, "Ba ku ji ba ne? Ba a ɗauka. Ni na kai shi, da kunnena na ji. Matarsa ɗaki ɗaya suke kwana, kun ga idonta ya yi ja? Shekara nawa yana riƙe da kawunanku, wa ya taɓa kuka da shi?"

Magaji ya ce, "Gwaggo, ni na yarda. Wallahi na yarda. Amma ba ni ke zama a kujerar ba." Ya juya wajen benci ya ce, "Ga Baba ya dawo. Wa zai fara?"

Ƙanin matar tasa ma, in faɗi gaskiya, ya ja gefe ya bar kujerar. Yaya ya ajiye jaka, ya zaro tawul ya kaɗe ta, ya tsaya a bayanta. Ba wanda ya motsa. Na kalli Direba, na kafe shi da ido, shi kuwa ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ka san aikina da ido ne." Yaya ya ɗan ƙara tsayuwa, sannan ya ninke tawul ɗin ya mayar cikin jaka. Ya ce wa Magaji, "Ba komai. Allah ya ba da kasuwa." Ya ɗauko kofin shayinsa daga kan taga ya fito.

Na yi kwanaki ba na yi masa magana, haushinsa nake ji fiye da nasu. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma har yanzu ban san wanda ya fi gaskiya tsakanina da shi ba.

Yanzu a shagona yake yini. Na sa masa kujerar roba a baranda da ƙaramin madubi, baƙi masu wucewa sukan tsaya jefi-jefi. Wasu gidajen kuma sukan aiko ya je ya yi wa tsofaffin da ba sa iya fita aski. Idon yana nan yadda likita ta ce. Yakan yi watanni fes, sai wata safiya ya zo da ɗan ja, ya ce mini ya motsa, ya ƙara yawan gasa shi da ruwan ɗumi, ya koma asibiti in ya ƙi kwanciya. Ba ya ƙorafi. Ni ce mai ƙorafin.

Ran nan muna zaune ina ɗinki, sai ga Direba ya zo wucewa. Ya ɗaga mana hannu daga nesa, da sauri, ya shige shagon Magaji. Na ja tsaki. Sai Yaya ya fara mutsu-mutsu a kujera.

Ya ce, "Auta, je ki gaya wa mutumin can da ke aski a kujerar taga ya bi a hankali. Direba na da wani ɗan ƙari a ƙeya, ta hagu, gashi ya rufe shi. In reza ta taɓa, jini ba ya tsayawa da wuri."

Na ce, "Ni? Wallahi ko taku ɗaya. Ya yanke kan ma gaba ɗaya."

Ya tashi ya gyara rigarsa ya tafi. Ina kallon sa ya isa ƙofar shagon, ya tsaya daga waje, ƙafarsa ba ta haura dokin ƙofa ba. Ya yi sallama, ya jira har aka kashe kilifa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.